Mama Kiyateka

Ranar sadakar arba'in ta Malam Zakariyya'u, ko tandar waina ba a gama wankewa ba Jamilu ya shigo gidan da wani mutum mai hular hana-sallah, riƙe da tef ɗin awo. Suka auna zaure, suka auna tsakar gida, suka zagaya rijiya suna ƙus-ƙus da Turanci. Inna Larai tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu, tana kallonsu. Da suka zo kanta sai mai hular ya ce ta ɗan ɗaga ƙafa, ya ja tef ɗinsa ta ƙarƙashin tabarmarta.

Gidan ba wani ƙasaitacce ba ne. Ɗaki huɗu ne da zaure da ɗan sito a wani lungu na Makera, wanda marigayi ya gina da gumin shekara ashirin da bakwai a masaƙar Kakuri. A nan Inna ta haifi 'ya'ya biyar, huɗu suka koma tun suna goye, Jamilu kaɗai ya tsaya, kuma shi ne ɗan fari. Ita kuwa Inna mutuniyar Soba ce, irin matan da ke riƙe da kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi masa magana sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan". Ko ɗan wani aka raɗa wa Jamilu, sai dai ta ce "mai sunan wancan". A gaban mutane kuwa bakinta bai taɓa furta "ɗana" ba, alhali in ya yi tari a Barnawa ita ke kasa cin tuwo a Makera.

Shi Jamilu ma'aikacin gwamnati ne, yana haya a Barnawa da matarsa Safiya. Wani taro ya taɓa halarta a otal, inda wani mai kwat ya karɓi kuɗinsu ya koya musu cewa talaka ne ke kwana a cikin dukiyarsa. Tun daga ranar maganar ta zauna masa a ka, ya daina ganin gidan ubansa gida, sai kadara.

Da mai awon ya fita, Jamilu ya durƙusa nesa da tabarmar, ya gaishe ta.

"Inna, wancan Tony ne, ejan, dillalin gidaje. Gidan nan barci yake yi. Ɗaki huɗu, mutum ɗaya! In aka mayar da su salf-kon, wato kowane ɗaki da kicin ɗinsa da bayinsa a ciki, duk shekara kuɗi ne zai riƙa shigowa. Ke ma ki huta."

"Da wane kuɗin za ka yi ginin?"

"Banki zai ba ni. Takardar gida kawai za su gani."

"Kai, kuɗin ruwa ke nan fa. Mahaifinka bai taɓa ci ba."

"Haba Inna, wannan ba kuɗin ruwa ba ne, sabis caji suke ce masa. Baba zamaninsa daban."

Ita ba ta san sabis caji ba, amma ta san ɗanta ya yi boko har jami'a. Ta tashi ta buɗe adakarta, ta zaro takardar gidan daga cikin tsohon zanen aurenta, ta miƙa masa ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Kafin ta fita takaba magina sun rushe zaure. Ɗakuna uku suka zama salf-kon, aka shafa musu fenti ruwan madara. Da aka rasa inda za a tura ƙazantar bayi uku, Tony ya nuna rijiya da makullin motarsa, ya ce ga rami nan a banza. Rijiyar da Malam Zakariyya'u ya haƙa da hannunsa, wadda duk lungun ke ɗiba kyauta in rani ya yi, ita aka rufe da kankare ta koma sokawe. Aka haƙa burtsatse a gefe, aka ɗora baƙin tanki a sama.

Sai Jamilu ya kawo mata tarin makullai a zare.

"Inna, ke ce babba a gidan nan, komai a hannunki yake. In an kawo wuta ki tada injin ruwa, in tanki ya cika ki kashe. Ƙofar waje kuma ki riƙa dubawa."

Ta karɓa tana jin daɗi a ranta, wai yaron nan ya san girmanta.

'Yan haya suka tare. Ba wanda ya san ta a cikinsu, don tsofaffin maƙwabta galibi sun sayar sun haye kogi tun shekarun rikici, 'yan ƙalilan da suka rage kuma kowa ta kansa yake yi. Tony ne ke kawo masu haya, shi ne kuma ke nuna musu ita da baki ya ce, "Ga kiyateka nan." Nan da nan sunan ya bi ta, kowa sai Mama Kiyateka. Ita ta ɗauka wata sarauta ce ta Turawa, kamar a ce Magajiya, don haka take amsawa da fara'a. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai: in Jamilu ya shigo ya tarar da 'yan haya a tsakar gida, ba ya ce mata Inna, sai Mama, kamar yadda suke faɗa. Ta ba shi uzuri da kanta, ta ce ai shi ma kunya ce.

Sarautar kuwa ta zo da aikinta. Ruwa ya ƙare, a buga mata ƙofa. Kwata ta toshe, a buga mata ƙofa. Masu yankan wuta sun zo da tsani, ita za a turo ta roƙe su. Shara, ita. Wata matar ma har tsawa ta taɓa yi mata don tanki ya cika ya zubo kan shanyarta. Inna ta ba ta haƙuri, ta ɗauraye kayan ta sake shanyawa.

Shekara ba ta zagayo ba Jamilu ya dawo da fuska a murtuke. Ɗaya daga cikin 'yan haya ya gudu bai biya ba, banki kuwa bai san an gudu ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakinta yana duban sili, yana duban bango, irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

"Inna, ɗakin nan naki shi ne mafi girma. In aka gyara shi aka ba da haya, bankin nan zai sarara mini. Wata uku ne kawai. Ki ɗan koma sito, in na farfaɗo in gina miki sabo da tayil."

"A nan mahaifinka ya cika."

"Allah ya jiƙansa. Amma ko shi ba zai so a ƙwace gidan ba, ko?"

Ta dubi gadon. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ko in ɗan zauna wajenku kafin a gama?"

Ya sosa ƙeya. "Ai da na so, wallahi. To mai gidan namu ne ba shi da mutunci, ya ce ban da ƙarin mutane. Kin san masu gidajen haya, ba tausayi gare su ba."

Ko a jikinsa, haka ya faɗa.

Siton taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, yana manne da bangon waje, ƙofarsa na kallon murfin sokawe. Gadonta mai rumfa ya ƙi shiga, Tony ya samo mai saye a take. Langoginta na aure aka jibge su a buhu a kusurwa. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa. In rana ta take kwanon ya gasa ta, in damina ta sauka ruwa ya bi bango ya jiƙa katifar, warin rijiyar mijinta kuwa ba rani ba damina. Ƙafafunta suka fara kumbura. Wata uku suka zama shekara biyu, ɗakin mai tayil bai wuce bakin Jamilu ba.

A tsohon ɗakinta wata nas ce ta tare, sunanta Vicky, 'yar Zonkuwa, mai yawan dariya da saurin fushi. Ita ce ta lura da ƙafar. Wata Asabar da hantsi ta zo da abin awon jini ta tsuguna a ƙofar siton, tana toshe hanci da gefen ɗankwalinta.

"Mama, jininki ya hau sosai fa. Wannan wuri ko kaza ba za a sa ba. Nawa ne ma landilod yana biyanki?"

"Biya kuma? Na me?"

"Na aikin kiyateka mana. Shara, ruwa, gadi, duk ke ne."

Inna ta dube ta. "Wai me ake nufi da kiyatekan nan?"

Vicky ta saki baki. "Mama, ba ki sani ba? Mai aiki ke nan. Wanda mai gida ya ɗauka ya duba masa gida, ya ba shi ɗan wurin kwana. Kina nufin ko sisi ba ya ba ki? Kai, wannan mutum ba ya tsoron Allah! Mama, ba ki da yara ne? Ba ki da ɗa ko ɗaya da zai zo ya cire ki daga hannun wannan mugu?"

Maganar ta zo wa Inna har leɓe. Kalma biyu ce kawai, "ɗana ne", amma shekara arba'in da uku ba ta taɓa faɗarsu ba, kuma ba yau da ake zaginsa za ta fara ba. Ta sunkuyar da kai tana murza carbi.

"Akwai," ta ce. "Yana da hidima da yawa."

"Hidima! Allah ya sauwaƙe."

Da Vicky ta tafi Inna ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Amma da aka kawo wuta ta share hawaye ta je ta tada injin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ta gaya wa kanta.

Shi kuwa gogan, kai ya riga ya kumbura. A ofis har sun fara ce masa Landilod, ya sayi mota ta hannu, ya fara tsuke baki in zai yi magana. Tony ya nuna masa wani fili a Romi, ya ce salf-kon takwas zai ci, wanda ya yi jinkiri ya yi kuka. Kuɗin fili babu, na gini babu, bashin farko ma bai kai rabi ba. Sai ya nemi bankin ya ƙara masa wani a kan gidan Makera. Don lissafin ya yi kyau a takarda, suka ƙara da cewa za a fasa bangon siton ta waje ya zama shagon masu cirar kuɗi. Inda mai kwana a siton za ta koma, wannan bai shiga lissafi ba.

Wata Talata da la'asar ya zo mata da burodi da gwangwanin madara, abin da rabonta da gani daga hannunsa tun ƙaramar salla.

"Inna, gobe da azahar baƙi za su zo duba gida. Maza ne, ba sai kin fito ba. Ki ja ƙofarki kawai, ko ki ɗan je asibiti a duba ƙafar nan."

"Da wane kuɗin?"

"To ki dai ja ƙofar."

Baƙin ba su jira azahar ba. Ƙarfe goma na safe wani saurayi mai fararen kaya da jaka a kafaɗa ya yi sallama, ya tarar da ita tana share bakin kwata. Ya rusuna sosai.

"Baba, ina kwana? Sunana Abdulmalik, daga banki nake. Ke ce mai kula da gidan?"

"Haka suke cewa."

Ya nemi ta buɗe masa wajen injin da siton, ya dudduba, ya yi rubutu. Da ya leƙa inda take kwana sai da ya ɗan ja baya. Yana cikin haka motar Jamilu ta tsaya a waje da ƙara. Ya shigo da sauri, Tony na biye da shi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Vicky, da ta dawo daga aikin dare ke nan, ta tsaya a ƙofarta da bokiti.

"Ranka ya daɗe, ai da ka jira ni! Zo mu zagaya ta waje ka ga inda shagon zai fito," in ji Jamilu.

"Na gani," in ji Abdulmalik. "Saura abu ɗaya." Ya juyo wajen Inna. "Baba, kin daɗe a gidan nan?"

"Na daɗe."

"Madalla. Kin san gidan gado sai da hattara, shi ya sa yanzu muke tambayar mutanen wuri. Kwanan baya wani ya yi mana rantsuwar ƙarya a kotu cewa shi kaɗai ne magaji, ashe da 'yan'uwansa. Yanzu haka yana gidan yari, aikinsa ma ya tafi. To shi Malam Jamilu ya kawo takardar rantsuwa tun a bashin farko, cewa shi kaɗai ya gaji gidan, mahaifiyarsa ta riga mahaifinsa rasuwa. Ke kin san ta?"

Tsintsiyar ta tsaya a hannun Inna. Sai yanzu ta gane abin da ya sa aka naɗa ta sarautar Turawa, da abin da ya sa ta koma Mama, da burodin jiya. Ashe ba a siton ya fara ajiye ta ba. Tun tana cikin takaba ya je gaban hukuma ya rantse ya binne ta, don kada a nemi yardarta a kan tumunin da Allah ya ba ta a gidan mijinta. Kuma ya san abin da ya taka: ya san bakin da bai taɓa cewa "ɗana" ba, ba zai tona shi ba.

Ta ɗaga kai ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya tsaya yana roƙonta da ido kamar ranar da ya fasa tulun maƙwabta yana ɗan shekara shida. Kalma ɗaya daga bakinta, gidan ya dawo hannunta, shi kuma ya bi wancan zuwa gidan yari.

"Na san ta," in ji Inna. "Tare muka zo gidan nan."

"Ta rasu ɗin?"

"Ta rasu."

"Kin tuna lokacin?"

"Ban riƙe ranar ba, ɗan nan. Ba rana ɗaya ta tafi ba, da kaɗan-kaɗan ne. Mace ce mai haƙuri, sai dai ba ta da wayo."

Abdulmalik ya rubuta, ya rufe littafinsa. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin," in ji Jamilu.

Da ƙarfi ya faɗa, har da shafa fuska.

Inna ta jingine tsintsiyar a bango. Ta kwance zaren makullan daga bakin zaninta, ta tako a hankali da kumburarrun ƙafafunta har gabansa.

"Jamilu."

Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba, bai ma san haka zai fito ba, a bushe, kamar yadda ake kiran ɗan maƙwabta.

"Jamilu, ga makullanka. Na bar aiki."

Ma'aikacin banki bai ga komai a ciki ba, tsohuwa ce ta gaji da shara. Vicky ce ta dubi fuskar tsohuwar, ta dubi ta landilod, ta ga goshi ɗaya, ta ga wushirya ɗaya. Bokitin ya suɓuce daga hannunta. "Yesu!" ta ce, ta dafe ƙirji. Ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta girgiza mata kai.

Kafin la'asar Vicky ta ɗaure mata buhun langogin, ta tare Keke Napep, ta raka ta har tasha, ta biya mata kuɗin motar Soba, inda ƙanen Inna, Malam Bello, yake. Vicky tana kuka tana zagi da harshe uku. Inna ba ta yi kuka ba. Jamilu bai biyo su ba, yana can yana nuna wa baƙo inda kantar shago za ta zauna.

A Soba, da aka gama gaisawa, Malam Bello ya tambaye ta, "Yaya, ina yaron? Lafiya dai ya bar ki kika taho ke kaɗai?"

"Jamilu? Yana nan lafiya," in ji ta.

Malam Bello ya daɗe yana kallonta. Bai ƙara tambayar komai ba, ya sa aka share mata ɗaki.

Bashin kuwa ya fito, tunda shaida ta tabbata. An fasa siton, an shafa masa fenti, wata yarinya na zaune a ciki tana cirar wa mutane kuɗi tana toshe hanci. A Romi gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fara cinye shi. Jamilu na nan yana amsa Landilod, yana zuwa masallacin Juma'a da babbar darduma, ba wanda ya taɓa tare shi da wata magana.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a ofis ya ji shi. Dole ta sa ya ɗauki wani Gideon ya riƙa tada inji da shara, shi kuwa Gideon ba ya ɗaga tsintsiya sai an biya shi duk wata.

"Mutanen yanzu ba amana," Jamilu kan ce, yana kaɗa makullin mota. "Wadda na yi da, shekara uku, ko sisi ba ta taɓa tambayata ba."